Amsa: Sao Tome za ta ishe ka

Malam, ka ce kana neman ƙaramin babban birni a tsibiri, mai kifi da wurin kallo. Sao Tome zan ce maka, babban birnin ƙasar Sao Tome da Principe, tana cikin mashigin tekun Gini, ba ta da nisa da Najeriya.

Da sassafe ka sauka bakin Ana Chaves, wato gaɓar tekun birnin, lokacin da masunta ke jawo kwale-kwale. Da rana ka nemi calulu: bandar kifi, kuɓewa, manja da ganyaye barjat, ana ci da tuwon masara ko shinkafa. Ka tambaya kafin a zuba, domin wasu na dafa shi da nama. Ƙaguwa kuwa sai garin Neves.

Gidan tarihi yana cikin tsohuwar ganuwar Sao Sebastiao, leƙawa kawai. Lagoa Azul, wani bakin teku a arewacin tsibirin, ita ce ta cancanci yini. Harshen Fotugal suke yi, kuɗinsu dobra.