Tambaya da Amsa: Shin ana iya auna maganin sa fitsari a jiki?

Tambaya: Likita, mahaifina yana fama da ciwon zuciya, ƙafafunsa sun kumbura, aka ɗora shi a kan maganin sa fitsari mai suna furosemid, amma yau wata guda ke nan kumburin bai sauka ba. Akwai gwajin da zai nuna ko maganin yana shiga jikinsa? Daga wata mai karatu a unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Gwajin akwai shi, sunansa kuromatogirafi na ruwa. Idan kin taɓa ganin ɗigon tawada a takardar da ta jiƙe, yadda launukan ke rabuwa wani ya wuce wani, to kin ga tushen abin. Ana ɗaukar ruwan jini ko fitsari a tace, sannan famfo ya tura shi da ƙarfi ta cikin siririn bututun ƙarfe mai cike da gari mai laushi. Kowane sinadari yana da lokacin fitowarsa, na'ura kuma tana zana masa tudu a kwamfuta, girman tudun shi ke nuna yawansa idan aka gwada da maganin da aka san awonsa. Furosemid ba ya jure haske, shi ya sa ake ɓoye samfurin a kwalba mai duhu.

Fitsari ya fi jini ba da labari a nan, domin maganin yana aiki ne daga cikin ƙananan magudanan ƙoda, kuma cikin kamar awa 2 rabinsa ya bar jinin mai lafiyar ƙoda. Da fitsarin ne ma ake kama 'yan wasan da suka sha irin waɗannan magunguna don ɓoye haramtattun ƙwayoyi.

Sai dai a ganina ba da wannan gwaji mai tsada ya kamata ku fara ba. Ku koma wurin likitansa a duba ƙodarsa da gishirin fotasiyom na jininsa, a riƙa auna nauyinsa kowace safiya. Ku gaya masa gaskiya game da gishiri da Maggi da kanwar da ke shiga tukunya, da ko Baba yana shan maganin ciwon jiki na diklofenak, domin yana dakushe ƙarfin furosemid. Wani lokaci hanji ma yakan kumbura ya jinkirta shigar ƙwayar, sai a koma allura. Ku tafi da kwalin maganin, musamman idan a tebur aka saye shi, kuma kada ku ƙara masa ƙwaya da kanku.