Amsa kan saifar ɓera da ta ƙara nauyi

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata da ke karatu a Aliero, na saurari tambayarki: kin ba ɓeraye ruwan ganyen zogale, saifarsu ta ƙara nauyi, ko ki rubuta garkuwar jikinsu ta ƙaru? A'a, dakata tukuna.

Ciwo ma yana kumbura saifa. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana damu, lalubi gefen hagu na cikinsa ki ji. Haka ɓera. In yana ɗauke da cuta, ko abin da kika ɗura masa ya lalata jajayen ƙwayoyin jini, saifa za ta girma, don ita ke kwashe su.

To, kin auna taimos? Ɗan farin naman nan da ke bayan ƙashin ƙirji, saman zuciya. Sai a 1961 aka gane aikinsa, da Jacques Miller ya cire shi daga jariran ɓeraye, ya ga limfosait ɗinsu, wato wasu fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, sun ragu, har a dasa musu fatar wani ɓera jikinsu bai ƙi ta ba. A taimos ɗin ne ƙwayoyin T, wani nau'in limfosait, ke nuna, wato su ƙosa, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 a ciki suke mutuwa. Waɗanda suka tsira su ke fita zuwa saifa, su haɗu da ƙwayoyin B, wani nau'in limfosait ɗin. Shi ya sa magani ɗaya yake taɓa wuraren biyu daban. Misali, ki yi wa ɓera allurar maganin nan deksametason, cikin kwana ɗaya zuwa biyu taimos ya yanƙwane, don yana kashe ƙwayoyin da ba su nuna ba. Wallahi abin na ci mini rai, wannan deksa ɗin ne wasu matanmu ke sha don su yi ƙiba.

Abin yi, ki fitar da ƙwayoyin saifa ki raba. Wasu ki zuba musu sinadarin ConA, shi ke sa ƙwayoyin T su hayayyafa, wasu sinadarin LPS, shi ke sa ƙwayoyin B su hayayyafa. Bayan awa 48 zuwa 72 ki yi gwajin MTT, mai nuna yawan ƙwayoyin da ke raye, ki gwada da na ɓerayen da ba su sha komai ba. In ɗakin gwajinku babu kayan, rubuta iya abin da kika gani: nauyi ya ƙaru.

Kuma taimos yana raguwa da kansa in ɓera ya balaga, don haka sai an san tsawon rayuwarsu kafin a kwatanta. Turo mini satin haihuwar kowane rukuni da nauyin jikinsu, mu duba tare.