Kafaɗar da ta ƙi ɗaguwa

Ka ce sati 3 kana gasa wa matar nan kafaɗa, hannun bai wuce ƙirji ba, kana tambaya ko ka danna da ƙarfi ya saki. Kada ka kuskura. Ajiye wayar nan ka zauna, ɗana, ba na magana da mutum idonsa na wani wuri.

Ka ɗaga mata hannun da kanka kuwa? Da wannan ya kamata ka fara zuwa min. Idan majinyaci ya kasa ɗaga hannu, kai kuma ka ɗaga masa ya tafi sama, to yawanci matsalar tana jijiyoyin naman nan guda 4 da suka rungume kan ƙashin damtse a kafaɗa, ko kumburi ko yagewa. Ita ce ke addabar masu fenti da magina masu yaɓe da 'yan dako, duk wanda ke wuni hannu a sama. Zafin yakan kama in kusurwar ɗaga hannun ta kai tsakanin digiri 60 zuwa 120, in hannun ya wuce nan sai ya lafa. Amma in shi ya kasa, kai ma ka kasa, musamman juya hannun waje, jakar da ta lulluɓe gaɓar ce ta yi kauri ta tsuke. Sanƙarewar kafaɗa ke nan. Ta fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, ta fi yawa a mata, kuma tana bin masu ciwon suga. Duba wuya da sauransu ba zan tsaya koya maka ba, an yi maka a makaranta. Wanda kuma ya zo da ciwon kafaɗar hagu yana gumi, ƙirji ya riƙe, ko yaro ya san wannan ba namu ba ne mu masu gashin ƙashi, asibiti za a garzaya da shi.

Wannan danna da ƙarfi da ka ambata shi ya ci min suna da kuɗi. Akwai wani Alhaji, dillalin atamfa, da aka kawo min shekarun baya. Hula sai an sa masa. Hannu ba ya shiga aljihun riga, kabbara da hannu ɗaya yake yi, da dare in ya juya kan ɓarin sai ya farka da salati. Na ce a auna masa suga, aka samu ya hau, shi bai ma san yana da shi ba. Na gaya masa gaskiya tun ranar farko: ciwon nan hawa uku ne, lokacin zafi, lokacin sanƙarewa, lokacin saki, kuma yana iya ɗaukar shekara 1 har zuwa 3. Aikina in rage masa azaba, in hana hannun ƙara tsukewa, in dawo masa da motsi kaɗan kaɗan. Ya ce ya ji ya yarda. Ya ce shi ba zai iya bin layi ba, in riƙa zuwa gida, kuɗi a tara a biya gaba ɗaya. "Haba likita, ni da kai ai ba ta ɓaci." Na ga girmansa, ban rubuta komai ba.

Wata 5 ina zuwa gidan nan, sau 3 a mako, a babur ɗina, da man aljihuna, ina barin mutane zaune a shago suna jirana. Har yau ina ganin bangon zaurensa, inda nake ja masa layi da alli a duk inda yatsunsa suka kai. Layin ya tashi daga daidai kafaɗa har ya wuce kansa. Ranar da ya ɗora hula da hannunsa, matarsa har guɗa ta yi daga cikin gida.

Sai abokan kasuwa suka ce abin ya daɗe, ai gocewa ce, minti 5 za a mayar. Suka kai shi wurin wani mai ɗori. Ni na san masu ɗori na ƙwarai, masu cewa wannan ba aikina ba ne, amma wannan bai ce ba. Ƙarti biyu suka danne shi, aka fizge hannun. Hoto ya nuna ƙashin damtse ya karye daga can sama. Da aka tambaye shi, sai ya ce ni na raunana ƙashin da yawan ja. Ko kwabo bai ba ni ba, ɗana, ko kwabo. Na je sau 4, ana ce min ya yi tafiya, motarsa tana ƙofar gida. Kuɗin ma da sauƙi. Magana ta zaga kasuwa cewa likitan nan yana karya mutane, kusan shekara 2 babu ɗan layinsu ɗaya da ya taka shagona. In na tuna har yanzu sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Ku yaran yanzu kuna son hannu ya tashi yau don ku ɗauki bidiyo. Kun ɗauka inji ne ke warkarwa, ku manna wa mutum waya a fata ku koma gefe kuna latse-latse. Hannunka da haƙurinka su ne aikin.

Koma wurin matar nan. Tambaye ta suga, in ba ta taɓa aunawa ba a auna. Gasa mata wurin minti 15, sannan ta sunkuya ta saki hannun yana lilo, ta bi bango da yatsu, ta riƙe sanda lafiyayyen hannun yana tura mai ciwon. Ka kai ta bakin zafi ka tsaya. In zafin ya kwana har gobe, ka wuce gona da iri, ka rage. In dare yana hana ta barci, tura ta wurin likita ya duba ko za a yi mata allura a gaɓar, a kuma gaya mata suga na iya hawa na wasu kwanaki bayan allurar. Ka auna kusurwar hannun duk mako, ka rubuta a kati a gaban idonta da na mijinta. Kuɗin kowane zuwa kuma a biya a ranar, ko 'yar wane ce.

Tashi, tana jira. In ka gama ka kawo min katin in gani.