Shin da Gaske Akwai Fatalwa a Gidan Jennie Wade?

Tambaya: Malam, na kalli wani bidiyo a YouTube kan gidan Jennie Wade da ke Amurka. Wai yarinyar da aka kashe a ciki lokacin yaƙi har yau ana jin motsinta, ana jin ƙamshin burodi, sarƙa kuma na lilo ba wanda ya taɓa ta. Gaskiya ne ko shaci-faɗi?

Amsa: 'Yar'uwa, gidan yana nan, mutuwar ma ta faru. Fatalwar ce ba ta da shaida.

Gidan na bulo ne, a kan titin Baltimore cikin garin Gettysburg, jihar Pennsylvania. A wannan gari aka yi gumurzu mafi muni na yaƙin basasar Amurka, daga 1 zuwa 3 ga Yuli, 1863. Waɗanda aka kashe da waɗanda aka raunata da waɗanda aka kama ko suka ɓace sun kai kusan dubu 50, a garin da mutanensa ba su wuce 2,400 ba.

Gidan ma ba na Jennie ba ne, na yayarta Georgia ne. Ta je taya ta zaman jego, jaririn bai fi mako guda a duniya ba. Sai gidan ya faɗa tsakanin rundunoni biyu, ta Arewacin Amurka da ta Kudanci, harsasai sama da 150 suka same shi. Ranar 3 ga wata da safe, wajen ƙarfe takwas da rabi, tana tsaye a kicin tana kwaɓa fulawar burodin da za ta ba sojojin Arewa, harsashi ya huda ƙofar waje, ya huda ta ciki, ya shige ta ta baya ya taɓa zuciya. Nan take ta cika, tana da shekara 20. Ita kaɗai ce farar hula da aka kashe kai tsaye a wannan faɗa. Sojoji suka kai gawar ɗakin ƙarƙashin ƙasa, iyalin suka kwana da ita a can. Washegari mahaifiyarta ta gasa wannan kwaɓin, ya ba da burodi 15, aka raba wa sojoji.

To kin ga inda ƙamshin burodin ya samo asali. Mai yi wa baƙi jagora zai ba da wannan labari dalla-dalla, ya nuna ramin harsashin a jikin ƙofa, sannan ya sauka da mutane ƙasa cikin duhu ya ce kowa ya yi shiru. Wa zai fito bai ji komai ba? An gwada irin wannan a 1997: wasu masu bincike biyu, Lange da Houran, sun zagaya da mutum 22 cikin wani tsohon gidan wasa. Rabi aka ce musu akwai fatalwa, rabi aka ce gyara ake yi. Waɗanda aka tsorata su ne suka fi ba da labarin jin abubuwan ban mamaki, alhali ginin ɗaya ne.

Sauran kuma halin tsohon gini ne. Katako na ƙara idan sanyi ya sauka, sarƙar da ke rataye na motsi idan mutum goma sun taka daɓe ko iska ta shigo. Fararen ɗigon da ke fita a hoto ƙura ce hasken kyamara ya haska. Na'urar da masu farautar fatalwa ke ɗagawa kuwa ta ma'aikatan lantarki ce, wayar da ke aljihunki ma tana iya sa ta ƙyaftawa. A wasu gidajen ma guba ce: a 1921 wata mujallar likitoci a Amurka ta buga labarin iyalin da ke jin takun sawu suna ganin mutane da dare, ashe murhun ɗumama gida ne ke fitar da kabon monoksaid, iskar nan da janareta ko gawayi ke kashe mutane da ita a rufaffen ɗaki.

Akwai kuma kasuwa. Yawon neman fatalwa da dare bai bunƙasa a Gettysburg ba sai daga shekarun 1990, sama da shekara 120 bayan yaƙin, kuma tikiti ake saya. Ban ce duk mai cewa ya ga wani abu maƙaryaci ne ba, tsoro na gaske ne ko da dalilinsa ba na gaske ba ne. Batun inda rai ke zuwa bayan mutuwa kuwa na malaman addini ne, ni abin da takardu suka tabbatar nake bi.

Camfin da ya fi ba ni dariya shi ne na ƙofar: wai budurwar da ta zura yatsan zobenta a ramin harsashin za a nemi aurenta kafin shekara ta zagayo. Ita Jennie da kanta ba ta ga aure ba. Jack Skelly, sojan da ake cewa shi ne saurayinta, an harbe shi a wani faɗan a garin Winchester na jihar Virginia tun tsakiyar Yuni, ya rasu ranar 12 ga Yuli, kwana tara bayanta. Yanzu kaburburansu na kusa da juna a maƙabartar Evergreen da ke Gettysburg.