Amsa kan tambayar makamashin haɗewar nukiliya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ne an samo makamashin da ba ya ƙarewa, kuma mene ne bambancinsa da nukiliyar da muka sani. Ina koyar da fiziks a sakandare, kuma tun ƙarshen 2022 ɗalibaina suke yi mini wannan tambayar.

Tashoshin nukiliyar da ke aiki a yau fasa ƙwayar zarra mai nauyi suke yi, wato yuraniyam irin wanda ake haƙowa a Arlit. Haɗewar nukiliya kuwa akasin haka ce: ƙwayoyi biyu marasa nauyi ake matsewa su zama ɗaya. Ana haɗa nau'i biyu na haidirojin, diyuteriyam da tiritiyam, su koma hiliyam, ɗan nauyin da ya ɓace wajen haɗuwar ya zama zafi. Da irin wannan haɗewar rana take haske.

Wahalar ita ce ƙwayoyin tunkuɗe juna suke yi, domin cajinsu iri ɗaya ne. A tsakiyar rana zafin ya kai digiri miliyan 15, ga matsi mai tsanani yana taimakawa. Mu a nan duniya ba mu da wannan matsin, dole sai an haura digiri miliyan 100. Babu ƙarfen da zai jure haka, shi ya sa masanan Tarayyar Sobiyat a shekarun 1950 suka ƙirƙiro tokamak, na'ura mai siffar zobe da ke riƙe iskar mai zafi da maganaɗisu ba tare da ta taɓa bango ba.

Labarin da ka ji daga Kalifoniya ya fito. Ranar 5 ga Disamba 2022, a ɗakin bincike na Lawrence Livermore, an harba hasken leza 192 kan ɗan ƙanƙanin ƙunshi na diyuteriyam da tiritiyam, megajul (ma'aunin makamashi) 2.05 ya shiga, 3.15 ya fito. Nasara ce ta gaske. Amma abin da nake sa ɗalibai su lissafa a allo shi ne, na'urorin lezar sun sha kusan megajul 300 na lantarki kafin su yi harbin. Kamar ɗan kasuwa ne da ya ƙirga riba bai cire kuɗin mota ba. Abin da ya fito ɗin ma bai wuce ya tafasa ruwa lita goma ba.

Sai batun tiritiyam, wanda ba a cika faɗa ba. Diyuteriyam yana nan jingim a ruwan teku, amma tiritiyam kaɗan ne a duniya, rabinsa kan lalace cikin shekara 12 da 'yan watanni. Dole tashar ta riƙa samar da nata daga ƙarfen litiyam, kuma har yanzu ba a gwada hakan a babban mataki ba.

Alfanunsa ba abin rainawa ba ne: babu hayaƙin kabon, sharar ba ta daɗewa da guba kamar ta yuraniyam, kuma in wani abu ya lalace aikin tsayawa yake yi da kansa. Sai dai ITER, babbar na'urar da Turai, Amurka, Sin, Indiya, Japan, Rasha da Koriya ta Kudu ke ginawa a kudancin Faransa, sai 2039 ake sa ran za ta fara aiki da diyuteriyam da tiritiyam, kuma ta gwaji ce, ba za ta ba kowa wuta ba.