Tambaya da Amsa: Yaya Zan Gane Irin da Aka Bari Babu Suna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Surukata, Allah ya jiƙan ta, ta rasu bara, kuma da muka zo gyara ɗakinta sai muka tarar da wata tsohuwar samira cike da ƙulle-ƙullen iri a tsummoki, babu ko ɗaya da aka rubuta wa suna. Na san tana shuka kuɓewa da rama da yakuwa da alayyafo da barkono a bayan gida, tana kuma ajiye 'ya'yan wasu tsirrai saboda magani. Ina so in raya lambun nata a daminar bana, amma ina tsoron kada in shuka abin da zai cutar da yara. Ta yaya zan bambance su? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta mata, ya ba ku haƙurin rashi. Malama, kada ki zubar da ko ƙulli ɗaya tukuna, domin irin da tsohuwa ta yi shekaru tana zaɓa daga lambunta ya riga ya saba da ƙasar gidan, kuma ba lalle ne ki same shi a kasuwa ba.

Ki samo farin faranti, ki fita tsakar gida da hantsi, ki zuba ƙwaya goma daga kowane ƙulli, sannan ki kusanto da su da kyamarar wayarki. Kada ki dogara da launi kaɗai, saboda iri yana dusashewa ko ya yi duhu idan ya daɗe a ajiye. Abin da shekaru ba sa canzawa shi ne siffar ƙwayar, da yanayin fatarta, da ɗan tabon inda ta manne da kwanso, wato abin nan da ake kira hanci a jikin wake.

Kuɓewa da rama da yakuwa 'yan gida ɗaya ne, dangin auduga, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Irin kuɓewa kewayayye ne, wajen milimita 4 zuwa 5, launinsa tsakanin toka da kore, da wasu siraran layuka da suka zagaye shi, kuma idan kika karkata farantin shi ne zai riga sauran gangarawa. Gurguzun yakuwa, wanda ake daddawar batso da shi, ya lanƙwashe kamar ƙoda, ruwan ƙasa ne, fatarsa da ɗan kaushi saboda wasu ƙananan gashi da ido bai cika gani ba. Irin rama kuwa mai kusurwoyi ne masu ɗan tsini, ya fi na yakuwa duhu, kuma za ki ji tsinin idan kika murza shi tsakanin yatsu biyu. Alayyafo ba ya ɓuya: ƙanana ne ƙwarai, kimanin milimita 1, baƙaƙe masu sheƙi, suna sulɓewa a hannu. Idan kika ga wasu ƙananan da ba su da sheƙi, masu gefe-gefe kamar tsakuwar da aka farfasa, to mai yiwuwa lalo ne.

Inda nake so ki fi natsuwa shi ne wajen ƙulle-ƙullen magani. Barkono da zaƙami dangi ɗaya ne, kuma irinsu duka shafaffe ne, shi ya sa wanda bai lura ba zai iya ɗaukar wannan a matsayin wancan. Na barkono siriri ne, mara nauyi, ruwan ƙwai mai haske, fatarsa kusan sumul. Na zaƙami ya fi girma da kauri, ya fi duhu, siffarsa kamar kunnen mutum, kuma gefensa ya yi tudu mai tamoji. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin 'ya'yan zaƙami suna gusar da hankali, suna iya kisa. A shekarar 2019, a yankin Karamoja na ƙasar Uganda, ɗaruruwan mutane sun kwanta rashin lafiya, wasu suka rasu, bayan sun ci garin abinci da 'ya'yan wani ɗan'uwan zaƙami suka gauraya da shi.

Haka ma tafasa da rai-ɗore. Ƙwayar tafasa doguwa ce kaɗan, mai sheƙi, bakinta biyu kamar an yanke su a karkace da wuƙa, da siririn layi a kowane gefe. Ta rai-ɗore shafaffiya ce, mai kama da ɗan ƙwai, ba ta da sheƙi, da wani ɗan zobe a tsakiyar fuskarta, kuma ɗanyenta yana cutar da yara da dabbobi idan suka ci da yawa. Zurma kuwa, da zarar kin gan ta za ki gane ta, domin ta yi kama da kaskar da ta sha jini ta ƙoshi, mai sulɓi da zane-zane da ɗan ƙullutu a kai. Sunanta na Latin ma ma'anarsa kaska. Ita da idon zakara, wato jar ƙwayar nan mai baƙin tabo, guba ce mai tsanani idan aka tauna, kuma kyansu ne ke jan hankalin yara. Waɗannan ki raba su da samirar tun yau, ki kai su inda hannun yaro ba zai kai ba.

Idan akwai gero ko dawa a cikin ƙulle-ƙullen, ki karkaɗe tsumman a kan farar takarda. Baƙar ƙurar da za ta zubo tana iya zama irin ƙuduji, wanda ƙwayarsa ba ta kai rabin milimita ba, amma tana iya shafe fiye da shekara 10 a cikin ƙasa tana jiran hatsi. Ki tankaɗe irin da rariya mai laushi, ki ƙone abin da ya fita.

Duk wanda ya gagare ki, ki bar shi ya faɗi sunansa da kansa. Makonni uku kafin ruwa ya zauna, ki huda gindin gwangwanayen madara, ki cika su da ƙasa, ki sa ƙwaya goma a kowane, ki ba kowane gwangwani lambarsa, ki rubuta ta a jikin gwangwanin da jikin ƙullinsa. Irin kuɓewa ki jiƙa shi ya kwana saboda taurin fatarsa. Ganyen tafasa zai fito bibbiyu har sahu uku masu kewayayyen baki, na rai-ɗore kuma masu tsini da wari idan aka murza, yakuwar zoɓo za ta nuna jan kara tun tana ƙarama. Ta nan kuma za ki san ko irin yana da sauran rai: idan biyu kacal suka tsiro cikin goma, sai ki yawaita ƙwaya a kowane rami ranar shuka. Ragowar da ba ki gane ba, ki kai wa tsofaffin ƙawayen marigayiyar ko malamin gona na yankinku, sannan ki rubuta suna da shekara a jikin kowane ƙulli kafin ki mayar da shi cikin samirar.