Kafin ka ajiye aikin, je ka ga fayil ɗinka

Assalamu alaikum. Ƙanina, tun shekaranjiya na ga tambayarka, na bari sai na samu zama, don ba maganar layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba: ya ce shi ma'aikacin gwamnatin jiha ne, shekararsa biyar da ɗauka, har yau yana mataki na 8 inda aka ɗauke shi. A Janairu ya rubuta abu shida da yake son cimmawa bana: ƙarin girma, fara digiri na biyu, biyan rabin kuɗin fuloti, haɗa lefe, buɗe shagon POS, da koyon kwamfuta. Ga Yuni na shirin ƙarewa, ko ɗaya bai kammala ba. Shi ne yake tambaya ko ya ajiye aikin ya faɗa kasuwa, ko ya yage takardar ya jira sabuwar shekara.

Waɗanda suka ce maka ka yi haƙuri, komai lokaci ne, gaskiya suka faɗa, Allah ya saka musu. Ni dai inda idona ya tsaya shi ne shekara biyar a mataki ɗaya. Wannan kam bai yi min kama da abin da haƙuri kaɗai zai warware ba.

A ƙa'idar aikin gwamnati, wanda ke tsakanin mataki na 7 da na 14 shekara uku yake yi kafin ya cancanci ƙarin girma. Na 6 zuwa ƙasa shekara biyu ne, na 15 zuwa sama shekara huɗu. Jihohi da yawa a kan wannan tsarin suke tafiya. Na sani cancanta daban, samu daban, domin sai akwai gurbi, sai an zauna jarrabawa ko ganawa, sai gwamnati ta sa hannu. To amma ka fara tambayar waɗanda aka ɗauke ku rana ɗaya. In duk kuna nan a 8, matsalar ta kowa ce, ta ƙungiyar ƙwadago ce, ka cire ta daga lissafin gazawarka. In kuwa su sun hau 9 kai kana nan, to akwai abin da ke cikin fayil ɗinka, ko kuma abin da babu a ciki.

Bari in ba ka nawa labarin, shekarata ashirin da biyu ke nan a wannan aikin. Ina mataki na 9 aka fitar da sunayen waɗanda za su je 10, abokan ɗaukata duk suna ciki, ni babu. Shekara ta zagayo, aka sake, babu ni. Na bi duniya ina cewa ba ni da uwa a gindin murhu, wane ne ba ya so na, wance ce ta kai ni gaba. Har gaisuwa na rage wa wani bawan Allah da daga baya na gane ko sunana bai riƙe ba. Wata Laraba ina zaune a benci bakin ofishin rajista ina wannan mitar, sai wani dattijon masinja da ya kusa ritaya, yana ɓare goro, ya ce min, "Malam, kai ka taɓa ganin fayil ɗin naka da idonka kuwa?" Wallahi ban taɓa ba. Shekara goma sha ina aiki.

Muka shiga. Sai da muka sauke ɗauri uku daga saman kabad, ƙura ta cika min hula da gaban riga, sannan muka same shi, bangon ya yage, an ɗaure shi da igiyar leda. Magatakardan ya buɗe a gabana yana juya takardu da yawu a yatsa. Fom ɗin APER, wato rahoton aikin shekara da shugabanka ke cikewa, na shekara biyu babu shi. Na cike nawa ɓangaren a lokacin, na ajiye a teburin maigidana, aka yi masa canjin wurin aiki, daga can ya yi ritaya, fom ɗin bai taɓa isowa rajista ba. Masu tantancewa kuwa rahoton shekara uku suke dubawa. Duk wanda nasa bai cika ba gefe ake tura shi, kuma ba wanda zai biyo ka gida ya gaya maka.

Sai da na hau mota na bi tsohon maigidan nawa har ƙauyensu. A gona na same shi, da damina, ana noman maimai. Ya wanke hannu da ruwan buta, ya zauna a gindin ɗorawa, ya ɗora fom ɗin a cinya ya rubuta abin da ya sani game da aikina na shekarun da na yi a ƙarƙashinsa, yana yi yana min dariya. Tafiyar wuni ɗaya. Ita ce ta ci min shekara biyu. Da ƙarin girman ya zo an mayar min da kwanan wata baya a takarda, amma ariyas ɗin, wato kuɗin ƙarin albashin da ya taru nake bi, har yau ban ga ƙeyarsa ba, na ma daina zancen.

Saboda haka abu na farko, satin nan, ka je rajista da ƙafarka, zuwa da kai ya fi aike. Ka duba takardar ɗauka, takardar kama aiki, da takardar tabbatarwa a aiki da ake bayarwa bayan shekara biyun gwaji. Mutane da yawa suna zaton tana zuwa da kanta, alhali wani wurin sai ka rubuta ka nema, kuma in babu ita maganar ƙarin girma ba ta tasowa. Ka duba rahotanninka na shekara uku na baya. Duk takardar da ka gani ka yi hotonta, ka ajiye kwafi a gida cikin leda, ka kuma ɗauka a waya. Wannan shi ne rabonka a maganar ƙarin girma. Sauran yana hannun wasu, kuma kuskure ne ka rubuta abin da makullinsa ke aljihun wani a matsayin burinka, sannan ka zo Yuni kana zagin kanka.

Yanzu sauran biyar ɗin. Ban ga laifinka ba da ba ka cika su ba, na ga laifin lissafin ne. Fuloti, lefe, jarin POS da kuɗin makaranta, duk huɗun rijiya ɗaya suke ɗiba, albashin mataki na 8. Ka ɗauki takardar albashinka ka ga abin da ke saura bayan an cire haraji da fansho da na ƙungiya, ka fitar da kuɗin mota, abinci, haya in kana biya, da abin da kake kai wa su Baba da Inna. Abin da ya rage ka ninka shi sau shida, watannin da suka rage ke nan. Wannan adadin shi ne gaskiyar shekararka. Ka ajiye shi kusa da takardar Janairu, za ka ga tun ranar da ka rubuta ta lissafin dokin Rano ka yi.

Ni ma na taɓa yin irinsa, kuma da girmana. A Janairun 2023 na rubuta cewa zan rufe ginina, in canza tsohon babur da ƙaramar mota, in fara tara kuɗin Hajji. Ba a rufa wata ba canjin kuɗi ya turnuƙe, muna kwana a layin banki don dubu biyar. Muna murmurewa, ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, lita da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu. Bayan babbar Sallah, cikin Yuli, na zauna da maiɗakina bayan Isha, wutar lantarki babu, ta riƙe min fitilar waya ina jan layi a littafi. Ita ta fara cewa, "Motar nan, in ka saya da me za ka zuba mata mai?" Na soke ta, zuciyata na ciwo, don na riga na gaya wa abokai. Ginin muka ce ɗaki biyu kawai za a rufe da kwano, sauran su jira. Kuɗin Hajji muka mayar da shi abin da ba zai gagara ba duk wata, ko da kaɗan ne.

Abin da ban rubuta a Janairu ba shi ne ya fi amfanata a shekarar. Wani ɗan'uwa ya ara min 'yar gona da geronsa bai tsira da kyau ba, na zuba wake a ƙarshen Yuli. Shi wake ai ba ya cewa ka makara a wannan lokacin, lokacinsa ne ma. Na makara da feshin farko, tsutsa ta yi min ɓarna, na dai tashi da buhu huɗu. Na zuba su a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa tam ba sai an sa magani ba, muka ci ɗaya da rabi, na sayar da saura bayan watanni da farashi ya ɗaga. Kuɗin ne ya sayi ƙofofi da tagogin ɗakunan nan biyu.

Da gangan na kawo zancen gona, saboda maganar POS ɗinka. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar inda ka'idojin ɗa'ar ma'aikata suke, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, noma kawai ya ware ya halatta. Na san rabin ofishinku kowa na da shago da sunan matarsa ko ƙaninsa, ba sai ka gaya min ba. Amma ka san da dokar, don ranar da wani ya so ka da sharri da ita zai zo. Ban da wannan ma, POS sana'ar zama ce. Riba naira ɗari ce, ɗari biyu ce, sai an tara, kuma kuɗi tsaba ne a hannun yaron da ka ɗora kai kana ofis daga takwas zuwa huɗu. Na ga mutum uku a wurin aikinmu da suka ci bashin banki a kan albashi suka buɗe, ɗaya ne kawai nasa ya rayu, shi ma don matarsa ce ke zaune a kai. Sauran biyun shago ya rufe, bankin kuwa bai fasa cirar nasa duk wata ba. Ni a ganina ka soke wannan bana.

Fuloti da lefe, taura biyu ce, ka zaɓi ɗaya. Ba ni zan zaɓa maka ba. In an riga an kai kuɗin gaisuwa, iyayen yarinya na jira, ai ka san amsar. Ka samu waliyyinka ya je a daidaita abin da za ka iya, a sa rana da ta dace da aljihunka. Kada kunya ta sa ka ci bashin akwatin da za ka shekara biyu kana biya.

Digiri na biyu kuwa, kafin ka sayi fom ka shiga sashen mulki ka tambaya me zai ƙara maka a layin aikinka, sannan ka rubuta neman izinin karatu ta hannun shugabanka, ka jira amsa a rubuce. Na san wanda ya gama karatunsa tsaf da kuɗinsa, ya kawo sakamako, aka ce ina takardar izini, ya shekara yana zarya kafin a saka masa shi a fayil. In ba za a ba ka hutun karatu ba, akwai na ƙarshen mako a jami'o'i da dama, akwai kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, da ke da cibiyoyi a jihohi, kana aikinka kana karatunka. Bana takardar izinin kawai ka sa a gaba. In ta fito kafin Disamba, ka ci wannan.

Wanda ka sa a ƙarshe, koyon kwamfuta, shi ne ya ba ni dariya, don shi kaɗai ne a cikin shidan ba ya jiran sa hannun kowa, kuma shi ya fi araha. Sai dai "koyon kwamfuta" magana ce mai faɗi, shi ya sa wata shida ba ka fara ba. Ka matse ta. Ka ce daga nan zuwa ƙarshen Satumba zan iya Excel, manhajar lissafi a kwamfuta, har in haɗa jadawalin sunayen ma'aikata da lissafinsa ba tare da na kira kowa ba. Yamma uku a sati, bayan La'asar, a shagon koyarwa na unguwa ko a kwamfutar ofis in an tashi. A ma'aikatarmu akwai wani yaro, ƙasa da kai a mataki, duk lokacin da za a kare kasafin kuɗi shi darakta ke nema, da shi ake tafiya taro, shi ake turawa bita. Ba ɗan kowa ba ne, shi dai ya iya abin da manya ke jin kunyar cewa ba su iya ba.

Batun ajiye aiki, ba zan ce maka har abada kada ka bari ba. Na san waɗanda suka bari suka fi mu nesa ba kusa ba, kuma ko bayan da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, kowa ya san ƙarin bai kamo tashin kayan masarufi ba. Amma duk wanda na sani ya bari ya dace, ya riga ya san kasuwar, yana da maigida a cikinta ko ya shekara yana taɓawa. Kai ba ka ambaci kayan da za ka sayar ba, ba ka ambaci jari ba, haushi kawai na ji a rubutunka. Hakan sakin reshe ne a kama ganye. In zuwa Disamba zuciyarka na nan a kan kasuwa, ka fara bin wani ɗan'uwa shagonsa Asabar da Lahadi ka ga yadda ake kwana da bashi a hannun mutane, ka kuma tambayi sashen mulki ko ana ba da hutu ba albashi, kafin ka rubuta takardar da ba a janye ta.

Takardar Janairun kada ka yage ta. Ka juya bayanta ka rubuta kwanan watan yau, da ranar da za ka je rajista, da ranar da za ka miƙa neman izinin karatu, da ranar fara Excel, da adadin da za ka riƙa zubawa a adashi don lefen ko fulotin. In ka je rajistar ka tafi da tsohuwar riga saboda ƙura, ka kuma riƙe wa dattijan wurin goro. Ka dawo nan ka gaya mana abin da ka tarar a ciki, in takardar tabbatarwa ce babu, zan rubuto maka yadda ake tsara wasiƙar nemanta.